Rabon Da Muke Nema A Abuja, Mu Fara Yin Sa A Gida

Yau ina so mu tattauna a kan wata magana wadda kowa yake da ra'ayi a kanta, amma ba kowa ne yake son a juyo da ita kansa ba, wato maganar adalci wajen ɗaukar ma'aikata da zama da su a wurin aiki. Duk lokacin da gwamnatin tarayya ta fitar da sunayen waɗanda ta naɗa a manyan muƙamai, za ka ga mutane sun ɗauko alƙalami suna ƙidaya: nawa ne namu, nawa ne nasu. Ba laifi ba ne a yi wannan ƙidaya. Tambayata ita ce, ranar da aka liƙa sunayen sababbin ma'aikata a sakatariyar ƙaramar hukumarmu, ko a makarantar da muke riƙe da ita, ko a asibitin garinmu, mutum nawa ne a cikinmu suke ɗauko wannan alƙalami?

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wata haɗuwa da na yi kwanakin baya a Yashe. Ga wanda bai san wurin ba, Yashe gari ne a ƙaramar hukumar Kusada, dab da iyakar Jihar Katsina da ta Kano, a kan babbar hanyar da ta bi ta Kankiya zuwa birnin Katsina. A wannan yanki ne kuma hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Malumfashi take zuwa ta haɗu da ita. Saboda haka wuri ne na matafiya, inda za ka ji harsuna iri iri a bakin titi. Ina zaune a teburin mai shayi ina jiran mota ta cika, sai ga wani saurayi ya zauna kusa da ni, riƙe da wani babban ambulan da ya sha hannu har gefensa ya yi baƙi. Bayan mun gaisa na ce masa, "Samari, wannan ambulan kuwa ya ga duniya." Ya yi murmushi ya ce, "Baba, shekara uku ke nan muna yawo tare."

Labarinsa ba mai tsawo ba ne. Kakansa ya zo ƙasar Katsina daga wajen Binuwai tun zamanin En'e, yana aikin malamin asibiti. A nan aka haifi mahaifinsa, a nan aka haife shi, a nan ya yi firamare da sakandare, ya kuma sami takardar shaidar koyon aikin lafiya. Hausar da ke bakinsa Katsinanci ce tsantsa. Amma duk inda ya kai takardunsa, tambayar farko ita ce takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda jama'a suke kira indijin. Da ya nema a wata ƙaramar hukuma da ba sai na ambaci sunanta ba, aka ce ya tafi garin kakansa. Ya tara kuɗin mota ya tafi. A can aka yi masa magana da harshen da ba ya ji, aka ce ba a san gidansu ba. Ya ce mini, "Baba, a nan an ce ni baƙo ne, a can ma an ce ni baƙo ne. To ni ɗan ina ne?" Ban sami amsar da zan ba shi ba har motata ta tashi.

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, ya kamata mu tuna inda wannan tsari ya samo asali, domin ruwa ba ya tsami banza. Lokacin da mulkin kai ya ƙarato, Arewa tana baya ƙwarai wajen ilimin boko. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta fitar da mutane irin su Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma tsirarun da take yayewa ba su isa su cika ofisoshin yanki mai faɗi kamar Jihar Arewa ba. Akawu, da ma'aikacin gidan waya, da na jirgin ƙasa, yawancinsu daga Kudu suke. Wannan ne ya sa tun daga tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa: idan akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a ɗauka, idan babu sai a ɗauki wani a kan kwantiragi kafin a horar da na gida. A aikin soja ma an shigo da tsarin kaso, ga ƙananan sojoji a 1958, ga hafsoshi kuma a 1961: rabi daga Arewa, kashi 25 cikin ɗari daga Gabas, kashi 25 daga Yamma.

Akwai abubuwa biyu game da wannan manufa da muke yawan mantawa. Na ɗaya, ba a tsaya ga rufe ƙofa ba, an haɗa da horaswa ba dare ba rana, musamman a Makarantar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo a Zariya, domin wanda aka ba kujera ya iya riƙe ta. Na biyu, ɗan Arewa a wancan lokaci yana nufin duk wanda ya fito daga lardunan Arewa, ba tare da duban ƙabila ko addini ba. Marigayi Cif Sunday Awoniyi Bayarabe ne Kirista daga Mopa a Lardin Kabba, amma ya yi aiki kusa da Firimiya a Kaduna, kuma har ya rasu a 2007 ana lissafa shi cikin dattawan Arewa. A ƙarƙashin wancan tsari, kakan saurayin nan na Yashe ɗan gida ne a Katsina, babu mai tambayarsa wata takarda.

To me ya faru? Abin da ya faru shi ne, gidan ya yi ta tsagewa. A 1967 aka raba ƙasa zuwa jihohi 12, a 1976 suka zama 19, a 1987 suka zama 21, a 1991 suka zama 30, a 1996 kuma suka kai 36, da ƙananan hukumomi 774. Kowace sabuwar jiha an yi murna da ita, kuma ta kawo hukuma kusa da jama'a. Amma kowace sabuwar iyaka ta haifi sababbin baƙi. Mu ɗauki misalin da ya shafe mu. Ranar 22 ga Satumba 1987, mutumin Kankiya da ke aiki a Kaduna ɗan jiha ne, haka ma mutumin Kafanchan da ke koyarwa a Dutsin-ma. Washegari, 23 ga wata, da Janar Ibrahim Babangida ya ba da sanarwar ƙirƙiro Jihar Katsina, dukansu biyu sun wayi gari baƙi ne a inda suke cin abinci, ba tare da ko ɗaya ya ɗaga ƙafarsa daga inda yake ba. Babu abin da ya canja a halinsu ko a gwanintarsu. Layi ne kawai aka ja a taswira.

A ɓangaren tarayya kuwa, Janar Murtala Muhammed ne ya fara fitar da maganar nan ta raba daidai a fili, a jawabinsa na ƙaddamar da kwamitin rubuta tsarin mulki a watan Oktoba 1975. Ta shiga tsarin mulkin 1979, sannan a 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya da dokar soja mai lamba 34. Sashe na 14, ƙaramin sashe na 3, na tsarin mulkin 1999 ya hana mutanen wasu 'yan jihohi ko wata ƙabila su mamaye gwamnatin tarayya da hukumominta. Wannan sashe kusan kowane ɗan boko a Arewa ya haddace shi, domin shi muke ɗagawa duk lokacin da muka ga an yi mana ƙwange.

Amma 'yan'uwa, akwai ƙaramin sashe na 4 a ƙarƙashinsa kai tsaye, wanda ba a cika karanta shi ba. Shi kuma cewa ya yi gwamnatin jiha da majalisar ƙaramar hukuma da hukumominsu, su ma wajibi ne a tsara su ta yadda za su nuna bambancin mutanen da ke zaune a yankinsu, kowa ya ji cewa da shi ake yi. Sashe na 42 ya haramta a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa, ko wurin asalinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko don shi namiji ne ko mace. Sashe na 15 ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina cikin ƙasar. Wato dokar da ta ba Katsina haƙƙin neman rabonta a Abuja, ita ce ta ba mutumin ƙauye haƙƙin neman rabonsa a hedkwatar ƙaramar hukuma. Ba za mu riƙe rabin doka mu jefar da rabi ba. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen na wasu.

Su wane ne ake bari a bayan ƙofa a gidanmu? Na farko shi ne irin saurayin da na ba da labarinsa, wato haifaffen gari wanda takarda ta mayar da shi baƙo. Ko an ɗauke shi aiki, sau da yawa a kan kwantiragi ne, babu fansho, babu tabbacin ƙarin girma, yana koyar da 'ya'yanmu lissafi shekara ashirin amma ba zai taɓa zama shugaban makaranta ba. Kuma kada mu ɗauka wannan ciwo na wasu ne. A 2011 gwamnatin Jihar Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, alhali yawancinsu 'yan'uwansu Ibo ne daga jihohin da ke maƙwabtaka da su. A Jos kuwa, Hausawan da kakanninsu suka je tun zamanin haƙar kuza su ne suke kukan an hana su wannan takarda, kuma rikicin Afrilu 1994 da na Satumba 2001 duk sun biyo bayan gardama ne a kan naɗa mutum ɗaya a muƙami. Dubi rayukan da aka yi hasara a kan tambayar wane ne ɗan gari. Wanda yake mai gida a Kusada, baƙo ne a Jos; wanda yake mai gida a Jos, baƙo ne a Kusada. Kowannenmu baƙo ne a jihohi 35.

Na biyu ita ce mace. Kwamitin nan na mutum 49 da ya rubuta daftarin tsarin mulkin da ya kawo raba daidai, babu mace ko ɗaya a cikinsa, kuma har yau ana ganin alamar hakan. Idan mace ta yi aure a wata jiha, jihar mijinta tana kallonta baƙuwa, jihar iyayenta kuma tana cewa ai ta tafi. A watan Nuwamba 2012 an dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda haifaffiyar Anambara ce amma a gurbin Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana alƙalanci, aka gabatar da ita. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki kafin aka rantsar da ita. Idan haka ta sami babbar mai shari'a, yaya ke nan ga malamar firamare 'yar Tsanyawa ta Jihar Kano da aka auro zuwa Yashe, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba? A ranar 1 ga Maris 2022 an kai wa Majalisar Tarayya ƙudurin da zai ba mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar da aure, amma 'yan majalisa suka yi watsi da shi tare da wasu ƙudurori huɗu da suka shafi mata.

Wannan ba maganar birni ba ce kawai. A ƙauyukanmu, mata da yawa ba za su yarda namiji ya karɓi haihuwarsu ba, wasu mazan ma ba za su bar matansu su je asibitin da babu ma'aikaciya mace ba. Saboda haka duk ƙaramin asibitin da babu unguwarzoma ko nas mace, rabin jama'ar garin ba su da asibiti, ko da ginin yana nan da sabon fenti. Haka nan iyaye sun fi sakin jiki su bar 'ya mace ta ci gaba da karatu a makarantar da suke ganin malamai mata. Ɗaukar mace aiki a irin waɗannan wurare ba alfarma ba ce aka yi mata, ceton rai ne aka yi wa gari.

Na uku shi ne naƙasasshe. A watan Janairu 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan jiha, ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta bukaci hukumomin gwamnati su yi iyakar ƙoƙari su ware wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairu 2024. Mai karatu, ka zagaya ofisoshin da ke garinku ka ƙirga da kanka nawa ne aka yi wa wannan gyara. Ƙasarmu ta Arewa ta daɗe tana fama da cutar shan inna kafin a tabbatar a watan Agusta 2020 cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka, kuma waɗanda ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu samari ne masu kaifin basira. Ƙafa ce ta shanye, ba ƙwaƙwalwa ba. Wanda ya taɓa ganin yadda guragu suke ƙera kekuna da hannunsu a Kano ya san haka. Mene ne zai hana gurgu ya zama akawu, ko ma'aji, ko mai aiki da kwamfuta, in ban da matakala uku da ke bakin ƙofa da kuma tunanin wanda ke zaune a ciki?

Na huɗu, wanda ya fi kowa yawa, shi ne ɗan talaka wanda yake da takardar indijin ɗin a hannu, amma ba shi da uwa a gindin murhu. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ɗaci. Idan an ce an ba Jihar Katsina gurbi kaza a wata hukumar tarayya, wa yake shiga? Sau nawa ne ɗan manomi daga Kusada ko Ingawa yake jin labarin gurbin kafin a cike shi? Sau da yawa wanda yake cin rabon ƙauye shi ne yaron da aka haifa a Abuja ko Kaduna, bai taɓa kwana a ƙauyen ba, sai dai direba ya zo ya karɓar masa takarda. Ga wanda aka haifa a gari an hana shi, ga wanda bai san hanyar garin ba an ba shi. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai a ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki zargin sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, kuma ita kanta Hukumar Raba Daidai tana cikin waɗanda aka ambata a zaman. Idan mai gadin rumbu ne ake tuhuma, ina talaka zai kai ƙara?

Akwai kuma bambancin da ake yi da suna kawai. A kudancin Jihar Katsina, wajen Malumfashi da Kafur, akwai Hausawa Kirista waɗanda asalinsu a nan yake tun kaka da kakanni. A wasu jihohin kuma akwai Musulmi 'yan asalin wuri da suke tsiraru. Kowannensu yana da labarin ranar da aka duba sunansa kafin a duba sakamakon jarrabawarsa. Kuma tun da gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, bari in faɗa a fili: makarantu da asibitocin da ƙungiyoyin addini suke riƙe da su, har da namu, ba su kuɓuta ba. Sau nawa muka ga shugaba ya hau kujera, kafin shekara ta zagayo daga mai gadi har ma'aji duk 'yan garinsu ne? Wanda yake kukan an yi masa wariya a waje, bai kamata a same shi yana yin ta a cikin gida ba.

Na san akwai masu cewa duk wannan magana ɓata lokaci ce, a bar cancanta kawai ta yi aiki. Wannan gardama ba a nan kaɗai ake yin ta ba. A Amurka, inda kamfanoni da hukumomi suka daɗe da shirye-shiryen jawo baƙar fata da mata da naƙasassu cikin aiki, Kotun Ƙoli ta hana duban launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i a watan Yuni 2023, sannan a Janairu 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umurnin rufe irin waɗannan shirye-shirye a gwamnatin tarayyarsu. Masu wannan ra'ayi suna da gaskiya a wuri ɗaya: babu mai son a ba shi likitan da bai iya aiki ba don kawai ɗan garinsu ne. Ranar da aka kwantar da ɗanka za a yi masa tiyata, ba za ka tambayi takardar indijin ɗin likita ba.

Amma a Amurkan ne kuma wasu masana biyu suka wallafa wani bincike a 2004. Sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu neman ma'aikata a biranen Boston da Cikago, takardu iri ɗaya, sunaye kawai suka bambanta. Takardun da ke ɗauke da sunayen da aka san fararen fata da su sun fi samun kira da kashi 50 cikin ɗari a kan masu sunayen baƙar fata. Darasin shi ne, abin da muke kira cancanta sau da yawa ba a kai ga auna ta ba, tun a kan suna aka yanke hukunci. Saboda haka adalci ba abokin gāban cancanta ba ne. Abokin gābanta shi ne sanayya da ɗan wane. Buɗe ƙofa ga kowa shi ne kaɗai hanyar gane wanda ya fi cancanta, domin ba za ka ce ka zaɓi doki mafi gudu ba alhali rabin dawakin suna ɗaure a turke.

Wasu kuma za su ce, idan muka buɗe ƙofa baƙi za su cinye guraben 'ya'yanmu. Wannan tsoro ne na gaske, kuma shi ne tsoron Sardauna a zamaninsa. Amma yau Jihar Katsina tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da kwalejoji da dama, har da makarantar koyon aikin lafiya a nan Kankiya. 'Ya'yanmu ba su buƙatar a ɓoye su daga gasa, abin da suke buƙata shi ne gasa ta gaskiya. Kuma ni ban ce a ɗauko mutum daga nesa a ba shi gurbin ɗan gari ba. Cewa na yi, wanda aka haifa a nan, ya yi karatu a nan, iyayensa suka biya haraji a nan, kuma a nan za a binne shi, shi ma ɗan gari ne.

Wannan ma ba baƙon ra'ayi ba ne a ƙasar Hausa. A cikin birnin Kano akwai unguwannin Ayagi, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa. Sunayensu suna faɗin inda kakannin mazauna suka fito, amma yau wa zai ce jikokinsu ba Kanawa ba ne? Wali Ɗan Masani, wanda Katsina take alfahari da shi, asalin gidansu daga Barno ne. Sarakunanmu na dā sun naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, sun ba mata sarautar Magajiya, domin kowane rukuni na jama'a ya sami bakin da zai yi magana a fada. Garuruwanmu sun girma ne da karɓar baƙo da mayar da shi ɗan gida. Takardar da ke hana wannan ita ce baƙuwa, ba mutumin ba.

To mene ne abin yi? Gyaran tsarin mulki aikin Majalisar Tarayya ne, kuma ya kamata mu tambayi wanda yake wakiltar mazaɓar Kankiya, Ingawa da Kusada, da sauran wakilanmu, inda suka tsaya a kan maganar haifaffen gari da matar aure. Amma akwai abubuwan da ba sai an jira Abuja ba.

Na farko, duk gurbin aiki, ko na masinja ne, a sanar da shi a fili: a liƙa a sakatariya, a faɗa a rediyo da Hausa, a aika wa dagatai da masu unguwanni, a ba da isasshen lokaci. Aikin da aka cike cikin dare, da wuya a ce an cike shi da gaskiya. Na biyu, a yi jarrabawa a rubuce, a kuma yi amfani da lamba maimakon suna a kan takardar amsa, yadda mai dubawa ba zai san ko ta Musa ce ko ta Bulus ko ta Hannatu ba, sannan a liƙa sakamako kowa ya gani. Na uku, kwamitin ganawa da masu neman aiki kada ya zama mutanen gida ɗaya, a sa mace a ciki, a sa wanda ya fito daga wata gunduma. Na huɗu, kowace shekara shugaban ma'aikata ya fitar da lissafi: ma'aikata nawa ne daga kowace mazaɓa, mata nawa, naƙasassu nawa. Abin da ba a ƙirga ba, ba a gyara shi.

Na biyar, kuma wannan ya shafi kowa har da mai kanti da mai gidan burodi da mai makarantar kuɗi, ɗaukar mutum aiki somin taɓi ne. Idan an ɗauke shi, a biya shi daidai da abokin aikinsa, a tura shi kwas idan layi ya zo kansa, a saurari shawararsa a wurin taro, a mutunta ranar ibadarsa, kada a mayar da harshensa ko naƙasarsa abin barkwanci. Mai jego a ba ta hutunta ba tare da gori ba. Mutum yana iya shekara goma a ofis amma kullum yana jin kamar a zaure aka ajiye shi. Wanda aka bari a zaure kuwa ba zai taɓa ba da duk abin da ke cikinsa ba, kuma hasarar ta ma'aikata ce da jama'ar da take yi wa hidima.

Daga ƙarshe, ina roƙon duk wanda Allah ya ba ikon sa hannu a takardar ɗaukar aiki, babba ko ƙarami, ya tuna cewa shi ma yana da ɗa ko jika da wata rana zai tsaya a gaban teburin wani, a garin da ba a san gidansu ba. Abin da kake so a yi wa naka a can, shi za ka yi wa na wani a nan. Har yanzu ina tuna saurayin nan na Yashe da ambulan ɗinsa, kuma ina jin nauyin tambayar da na kasa amsa masa. Idan ya ci karo da wannan shafi, ga amsata, ko da ta zo a makare: ɗana, kai ɗan nan ne. Saura mu da muke riƙe da alƙalami mu yarda da haka a rubuce.

Allah ya ba mu zuciyar yin adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake saduwa.